Ofishin lauyoyin da suka bi min kuɗin cakin da banki ya dawo da shi: tauraro uku da rabi

Wata 14 kenan da na fara taka ƙafa a wannan ofishin, caki a cikin ambulan, zuciya kamar ta fashe. Jiya da yamma alat ya shigo na kashi na biyar cikin shida, shi ne na ce bari dai yau in zauna in rubuta abin da na gani, don lokacin da nake neman wanda zai bi min haƙƙina duk wanda na tambaya sai dai ya ce "ai suna da kirki" ko kuma "kai rabu da lauyoyi", babu wanda ya zauna ya faɗa min yadda abin yake tafiya. Sunansu kam ba zan kama ba, akwai inda zan yaba akwai inda zan caccaka, kuma har yanzu fayil ɗina yana hannunsu.

Kayan lantarki nake sayarwa, waya da soket da irinsu. Wani kwastoma da muka yi shekaru muna hulɗa ya ɗebi kaya masu yawa don wani gini da ya karɓi kwangilarsa, ya rubuta min caki. Ban kawo komai a raina ba wallahi, ba yau ya fara ba. Bayan kwana uku na koma banki, yarinyar da ke kanta ta ɗan sunkuyar da kai ta turo min takardar ta ƙasan gilashi, an buga mata hatimi an rubuta wai a koma wa wanda ya bayar. Na ce me ke nan? Ta rage murya ta ce ka dai je ku yi magana da shi. Daga baya na gane haka banki ke faɗin babu kuɗi a asusun cikin ladabi, ba za su ce maka wane ya talauce ba. Na kira shi ya ce a sake kaiwa ranar Litinin, an kai ya sake dawowa, daga nan waya ta koma sai na kira sau goma a ɗaga sau ɗaya.

Abin da ya fara burge ni da ofishin shi ne zaman farko. Wata barista ce ta karɓe ni, ba ta yi min dogon turanci ba, tambayoyi kawai ta jero: yaushe aka rubuta cakin, yaushe ka kai banki, ina takardar da banki ya ba ka, kana da shaidar cewa ya karɓi kayan, ka taɓa rubuta masa wani abu ko duk ta baki ne? Ashe kwanan wata shi ne ran shari'ar caki. Ta ce kowace ƙasa da agogonta. A Najeriya dokar 1977 kan cakin da banki ya dawo da shi ta ce sai an kai cakin banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa kafin ya zama laifi, kuma hukuncin mutum ɗaurin shekara biyu ne babu zaɓin tara. A Indiya sashe na 138 na dokarsu da ta shafi caki ya ba ka kwana 30 ka aika wa mutum notis bayan banki ya sanar da kai, shi kuma a ba shi kwana 15 ya biya, in ya ƙi sannan ka shigar da ƙara cikin wata ɗaya, ka yi sakaci wa'adin ya wuce to ka jawo wa kanka aiki. Faransa su ba ta gidan yari suke bi ba, hana mutum rubuta caki ake yi har tsawon shekara biyar in bai gyara ba. Daular Larabawa da aka san su da kulle mutane a kan caki, tun 2 ga Janairun 2022 suka cire yawancin abin daga sahun laifuka, yanzu cakin da ya dawo kai tsaye ake kai shi wurin alƙalin zartarwa kamar hukunci ne a hannunka. Na ce Barista duk wannan a kanki yake? Ta yi dariya ta ce rabin masu zuwa wurinsu 'yan kasuwa ne masu hulɗa da waje, dole su sani.

Ni fa a ranar ba sulhu na je nema ba. So nake a kama shi ya kwana biyu a bayan kanta ya ji yadda na ji. Ta ce min a'a. Ta ce ƙarar laifi daban ƙarar kuɗi daban, ko an ɗaure shi ɗaurin ba ya zama kuɗi a aljihuna, kuma su ba sa amfani da 'yan sanda a matsayin masu karɓar bashi, wanda ya yi haka wani lokacin shi ne ake juyowa a maka a kotu kan tauye haƙƙi. Har ta kawo min sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa, wanda ya hana a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alƙawarin ciniki. Na fita ina jin haushinta, amma yanzu na san gaskiya ta faɗa min, kuma a nan sun ci tauraro guda cif.

Wasiƙar da suka rubuta masa ta yi aiki fiye da yadda na zata. Mutumin da ya yi sati uku yana guduna, kwana huɗu da samun takarda mai kan ofishin lauya sai ga kiransa da sassafe, wai haba ɗan'uwa har abin ya kai haka? Aka sa ranar zama.

To a nan ne aka yi min aika-aikar da ta sa na cire musu tauraro ɗaya da rabi, kuma a kanta zan fi daɗewa don ita ce duk labarin.

Ranar zaman barista ta tafi kotu a wata shari'ar, sai aka haɗa ni da wani matashin lauya wanda ban taɓa gani ba, babu wanda ya kira ni tun kafin lokacin ya ce ga canjin da aka samu. Yaron yana da fara'a, ba zan ci zalinsa ba, kuma ya iya lallashi. Mutumina ya zo da wani dattijo ƙanin mahaifinsa, aka yi ta magana kusan awa uku, wai masu ginin ne ba su biya shi ba, wai bashi hanji ne yana cikin kowa, dattijon ya dafa gwiwata ya ce ɗana ka dubi Allah ka dubi zumunci ka sassauta masa. Ni kuma kunya ta kama ni. Aka tsaya a kan zan yafe kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, sauran ya biya a wata shida, kowane wata da cakinsa mai kwanan wata na gaba. Lauyan ya buɗe kwamfuta ya buga takarda shafi ɗaya da rabi, muka sa hannu, shaidu suka sa. Sai mutumin ya ce to tunda an daidaita a ba shi tsohon cakinsa mana. Na kalli lauyana, ya ɗaga kafaɗa ya ce ba matsala ai ga sababbi shida. Na zaro shi daga ambulan na miƙa. Har yanzu ina ganin yadda ya ninke shi gida huɗu ya cusa a aljihun gaba ya danna da tafin hannu, ya yi wata ajiyar zuciya. A lokacin na ɗauka ta nadama ce.

Wata na farko caki ya wuce. Na biyu ya wuce amma sai da ya roƙi a jinkirta kwana biyar. Na uku ya dawo da hatimin nan dai irin na farko.

Da na koma ofishin na nace sai barista da kanta. Ta ɗauki takardar sulhun tana karantawa da biro a hannu, tana ja wa wasu layuka layi, ba ta ce uffan ba har ta kai ƙarshe, sannan ta ɗago ta ce, Alhaji ina cakin asali? Na ce ai an mayar masa, a gaban lauyanku. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Wannan shirun da ta yi ya fi min duk wani bayani.

Ga abin da ta fahimtar da ni, kuma duk mai shirin zaman sulhu ya karanta nan sau biyu. Takardar sulhu iri biyu ce ko da a ido kamanninsu ɗaya. Akwai wadda ke cewa tsohon bashi yana nan daram har sai an gama biyan kashi na ƙarshe, in an saɓa ko sau ɗaya a koma kan asalin kuɗi gaba ɗaya. Akwai kuma wadda ke cewa daga sa hannun nan an rufe tsohuwar magana, wannan sabon alƙawarin ya maye gurbinta. Tawa ta biyun ce. An rubuta ƙarara cewa wannan yarjejeniya ita ce ƙarshen duk wata da'awa tsakaninmu a kan cakin farko, kuma babu layi ko ɗaya da ya faɗi abin da zai faru in ya fasa biya. Ma'ana na sayar da caki mai ƙarfi, wanda kotu ba ta cika sauraron dogon uzuri a kansa ba, na sayi alƙawari. Kashi ɗaya cikin biyar ɗin da na yafe don ya biya da wuri ya tafi ko ya biya ko bai biya ba. Sannan tunda ba a rubuta cewa saɓa kashi ɗaya yana jawo sauran duka su faɗo lokaci guda ba, zai iya tsayawa ya ce shi na wata na uku kawai ake bin sa, na huɗu da na biyar ai lokacinsu bai yi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar a ofishin da na biya kuɗi aka yi ta.

Abu na uku da ya fi ci min rai, takardar ba ta taɓa zuwa gaban alƙali ba. Ni a tunanina tunda a ofishin lauya aka yi, da hatimi da shaidu, to ta zama doka. Ashe kwantiragi ce kawai kamar kowace, in an karya ta sai ka shigar da sabuwar ƙara ka tabbatar da ita tun daga tushe, ka jira sammaci, ka jira a ɗage zama, ka jira a sake ɗagewa. Da an shigar da ƙara tun farko sannan aka kai sharuɗɗan sulhun alƙali ya amince da su a matsayin hukunci, to ranar da ya saɓa ba shari'a za a sake ba, zartarwa kawai za a nema. Ta ce abin ba sabo ba ne, a Ingila tun 1927 wani alƙali mai suna Tomlin ya tsara yadda za a dakatar da shari'a a kan sharuɗɗan da aka amince, a bar ƙofa a buɗe don wanda aka cuta ya dawo cikin wannan shari'ar ba sai ya buɗe wata ba, har yau da sunansa ake kiran irin wannan odar. Ko Yarjejeniyar Singafo ta 2019 ma don wannan ciwon aka yi ta, 'yan kasuwa na ƙasashe daban-daban su yi sulhu ɗaya ya karya, a rasa yadda za a tilasta masa. Na ce to Barista kun san duk wannan, me ya sa aka yi min tawa haka? Ta ce kuskurenmu ne.

Gaskiya wannan kalmar ta sauke min rabin fushina. Ba ta ɗora wa yaron ba a gabana, ba ta ce ai kai ma ka karanta kafin ka sa hannu ba, alhali da ta faɗa da ba ta yi ƙarya ba, na karanta ɗin, ban dai san abin da ya kamata in nema a ciki ba, kuma ai dalilin ɗaukar lauya kenan. Sun ce aikin gyaran ba za su caje ni kuɗin aiki ba sai na kotu kawai, kuma sun cika. Amma abin da na yafe ɗin bai dawo ba, ba su kuma ce za su cike min ba. Na tambaya ko babu wata hanya, don wani abokina ya ba ni labarin shari'ar Foakes da Beer ta 1884 a Ingila, inda wata mata ta yarda a biya ta bashinta kashi-kashi, bayan an gama ta dawo ta nemi kuɗin ruwa kuma kotun ƙoli ta lokacin ta ba ta gaskiya, don wanda ake bi bai ba da wani sabon abu a madadin sassaucin ba. Barista ta ce ta san shari'ar, za a iya gwadawa, amma lauyansa zai ce ai ya ba da sababbin cakuna kuma an kashe rigima da yardar kowa, a yi shekara ana jayayya a kan kashi ɗaya alhali huɗun suna can suna narkewa. Kar garin neman gira a rasa ido. Na haƙura, ba don na gamsu ba.

Zagaye na biyu kam sun yi aiki kamar ba su ba. Cakin wata na uku da ya dawo shi ya zama sabon makami, a wannan karon ko taɓa shi ba a bar ni na yi ba, an ɗauki hotonsa gaba da baya an saka asalin a sef. Suka shigar da ƙara ta gajeriyar hanyar da kotuna ke da ita don bashin da babu wata ƙwaƙƙwarar kariya a kansa, inda wanda ake ƙara sai ya rantse ya nuna yana da abin cewa kafin a ba shi damar doguwar shari'a. Da ya ga sammaci ya sake aiko dattijon. Aka sake zama, wannan karon barista ce da kanta, kuma da dattijon ya fara ɗana ka dubi zumunci sai ta ce, Baba tunda kai ne ka tsaya masa, ka yarda ka sa hannu a matsayin mai lamuni? Ɗakin ya yi tsit. Ya kalli ɗan wansa ya daɗe, sannan ya ce a kawo biro. Ni dai na san tun daga wannan minti ɗin kuɗina suka fara hanyar dawowa, don yanzu in ya saɓa ba ni zai guje wa ba, gidansu zai shiga.

Sabuwar takardar shafi biyar ce. An sake raba ragowar gida shida, an rubuta rana da asusun da za a tura, an daina maganar caki sai tiransifa, an ba shi kwana bakwai na uzuri, in sun wuce duk abin da ya rage ya zama wajibi nan take, a kansa da kan mai lamuni. An rubuta cewa cakin da ke sef ba zai koma hannunsa ba sai kashi na ƙarshe ya shiga. Wani abu da na so a saka ta ƙi, wato in ya biya ba zan kai shi ƙarar laifi ba, ta ce irin wannan sharaɗin na iya ɓata takardar duka don ba a cinikin rufe laifi. Sannan aka kai gaban alƙali ya karanta, ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko da yardarmu, ya mayar da shi hukunci. Duka zaman bai kai minti 20 ba.

Ya gwada sau ɗaya, a kashi na biyu. Kwana bakwai suka wuce shiru. A rana ta takwas suka aika masa kwafin takardar da za su shigar ta neman kotu ta riƙe kuɗin da ke asusunsa na banki, kafin la'asar alat ya shigo har da saƙon ban haƙuri. Tun daga nan bai sake ba.

Sauran ƙananan abubuwa: wurin a tsabtace yake, ba a barin ka zaune fiye da rabin awa in kana da alƙawari, kuma kowane kuɗi ka biya da rasit, an kuma rubuta min tun farko kason da za su cira daga abin da aka karɓo, ba a ƙara ko sisi a kai ba. Amma wajen waya sai a hankali. In ba kai ka kira ba babu mai kiranka, an taɓa ɗage zamanmu ban sani ba sai da na rufe shago na je kotu na tarar da rajistara yana ce min ai tun shekaranjiya aka sanar da lauyoyi. Sakatariyar kuma kullum "suna mitin", ko ƙarfe nawa ka kira suna mitin, har na haddace muryarta.

Wa zan tura wurinsu? Wanda cakinsa ya dawo kuma takardunsa na nan cikakku, wanda yake son kuɗinsa ba wai ya huce haushi ba. Amma ka ce musu tun a zaman farko wanda ya karɓe ka shi zai zauna maka ranar sulhu, in ba ya nan a ɗage. Ka nemi a ba ka daftarin takardar ka kwana da shi kafin ka sa hannu, kar ka yarda da wadda aka buga ana zaune ana jiranka dattijo na dafa maka gwiwa, ka nemi layin da ya ce in ya saɓa fa, in ba ka gan shi ba ka tambaya da babbar murya. Ni na yi zaton tambaya irin wannan raini ce ga lauya, shi ya sa na yi shiru.

Matashin nan har yanzu yana ofishin, mun haɗu a matakala watan jiya ya gaishe ni har da rusunawa, na amsa. Saura kashi ɗaya, ranar 28 ga wata mai zuwa. Barista ta ce in ya shigo in zo da kaina a buɗe sef a gabana, ni zan miƙa masa cakin.